Tayar da injin da ya shekara da shekaru a ajiye

Tarakta ko a-kori-kurar ƙungiya da ta daɗe a kafe, kada a sa mata batir a murza makulli kai tsaye. Baƙin mai ya riga ya tsiyaye ƙasa, famfonsa ya bushe. Idan injin ya tashi a haka, ƙarfe zai ci ƙarfe, cikin minti kaɗan ya yi nokin.

A fara juye tsohon man. A bakin tafkin Kainji, daga Yauri zuwa Ngaski, danshin damina kan sa ruwa ya taru a ciki. In man ya fito kamar koko, alamar ke nan. A kwance kaskon ƙasa, a wanke rariyar famfo da kananzir, a cika sabuwar filta da mai kafin a ɗaura.

Sai a cire fulogi, ko nozul in na dizal ne, a zuba cokali guda na mai a kowane rami, a juya injin da sifana. Daga nan a murza makulli daƙiƙa 10, a huta, a maimaita har jar fitilar mai ta mutu. In an tayar ta sake kamawa, a kashe nan take, a kira makaniki ya auna da geji.