Malam-buɗe-littafin Dare Mai Haifar da Tsutsar Dankali

Tsutsar nan mai ƙaho a wutsiya da ke cinye ganyen dankalin Hausa, wanda ake kira kudaku a ƙasar Adamawa, 'ya ce ga wani ƙaton malam-buɗe-littafi mai yawon dare, wanda masana suka sani da suna Agrius convolvuli. Masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya fara siffanta shi a rubuce a shekarar 1758, daga baya kuma aka sanya shi cikin dangin Sphingidae, wato ƙwarin da kan tsaya cak a iska suna zuƙar ruwan fure da dogon baki mai kama da zare.

Wannan ƙwaro ya riga dankali zama a Afirka, domin asalin dankali daga nahiyar Amurka ne, kuma Turawan Fotugal ne suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Kafin zuwansa, tsutsar tana rayuwa ne a kan 'yan'uwansa masu yaɗo irin su duman kada, saboda haka da noman dankali ya bazu zuwa wurare kamar Yelwa da kewayen Mubi, a gindin duwatsun Mandara, sai ta sami abincin da jikinta ya riga ya saba da irinsa.

Rayuwar ƙwaron mataki huɗu ce. Macen kan ajiye ƙwai ɗai-ɗai a jikin ganye, su ƙyanƙyashe cikin 'yan kwanaki, sannan tsutsar, wadda kan zo kore ko ruwan ƙasa, ta shafe kimanin mako uku zuwa huɗu tana ci tana saɓa. Idan ta ƙoshi sai ta nutse cikin ƙasa ta rikiɗe zuwa ƙunshi mai tauri, wanda ke da lanƙwasasshen kube kamar hannun buta, inda bakin ƙwaron ke girma. Daga nan baligi ke fitowa, mai launin toka da ratsin ja-ja da baƙi a ciki, faɗin fukafukansa kuma kan kai santimita 8 zuwa 12.

Ana samunsa a faɗin Afirka da Asiya da Ostireliya, kuma a kowace shekara wasu kan ƙetara Bahar Rum har su kai Ingila, sai dai sanyin hunturun can ba ya barin zuriyarsu ta ɗore. A gona kuwa, tsince tsutsar da hannu da kuma kaftun ƙasa bayan girbi, wanda ke fito da ƙunshin ga rana da tsuntsaye, suna rage ɓarnarta.