Jirgin Kara a Bakin Ganuwa: Tarihin Kwaikwayon Jirgin Ƙasa a Birnin Zazzau

Ƙofar Kibo, wadda take fuskantar ɓangaren Tukur-Tukur, tana cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar birnin Zazzau, tare da Ƙofar Doka da Kuyambana da Gayan da Kona da Bai da Jatau da Galadima, kuma dukkansu an yi su ne daidai da mai doki da mai jaki da ayarin fatake, a zamanin da ƙarfin gari yake a kaurin ganuwarsa. Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa ko ɗaya daga cikinsu ba, domin Turawan da suka shimfiɗa dogo sun bi da shi ta bayan gari, suka kafa tasha a hayin kogin Kubanni, inda Sabon Gari ya tsiro daga baya. Duk da haka jirgin ya shiga birni ta wata hanya da masu shimfiɗa dogon ba su yi tunaninta ba, wato ta hannun yara, waɗanda suka gan shi daga nesa, suka koma lungunan unguwanninsu suka sake ƙera shi da karan dawa. Wannan ƙira ita ce mafi kusa, a ƙasar Hausa, da sana'ar da ta yi ƙarfi a Turai ta haɗa ƙananan jiragen ƙasa a kan allo domin baje koli, kuma tarihinta ba ya rabuwa da tarihin dogon da ya haife ta.

An fara aikin dogon Baro zuwa Kano a shekarar 1907, a zamanin Gwamna Percy Girouard, ɗan asalin Kanada wanda injiniyan dogo ne tun kafin ya zama gwamna, kuma aikin, mai tsawon fiye da mil 350, ya ratsa ƙasar Zazzau ya isa Kano a 1911. Ma'aikatan da suka haƙa ƙasa suka ɗauki kwanduna talakawa ne da aka tattaro ta hannun hakimai da dagatai, sau da yawa ba da son ransu ba, har kalmar diga, wadda asalinta sunan abin haƙa ne, ta koma sunan aikin tilas baki ɗaya. Sarkin Zazzau na lokacin, Aliyu ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920 kafin Turawa su tuɓe shi su kai shi Lakwaja, malami ne kuma mawaƙi, kuma cikin rubutattun waƙoƙinsa akwai wadda ake kira Waƙar Diga, abin da ke nuna irin girgizar da aikin ya yi wa jama'arsa. Saboda haka farkon sanin da Bazazzage ya yi wa jirgi sanin wahala ne, kuma sai da 'ya'yan waɗanda suka yi diga suka taso ne jirgin ya zama abin sha'awa da kwaikwayo.

Zariya ta fi yawancin garuruwan Arewa ganin jirgi, domin ta zama mahaɗar layuka uku. Ban da babban layin da ya haɗa Ikko da Kano, akwai wanda ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, wanda ya riƙa kwaso auduga da gyaɗa, sannan akwai ƙaramin layin da aka laƙaba wa sunan Bauchi, ko da yake bai taɓa isa garin Bauchi ba, wanda ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama da Jengre ya hau tsaunukan Jos har Bukuru a 1914, domin sauko da kuza. A nan ya kamata a bayyana abin da ake nufi da faɗin dogo, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafa biyu da ƙafafun jirgi suke gudu a kansu: faɗin babban layi ƙafa 3 ne da inci 6, na layin Bauchi kuwa ƙafa 2 da inci 6 kacal, don haka taragun ɗaya ba sa iya hawa dogon ɗaya, kuma dole duk buhun kuzar da ya iso Zariya 'yan dako su sauke shi su sake loda shi a babban tarago. Yaron da ya fito daga birni ya je tasha a waɗancan shekaru yana iya ganin jirgi babba da jirgi ƙarami gefe da gefe, kamar uwa da ɗa. Bayan da layin Fatakwal ya isa Jos ta Kafancan a 1927 sai cinikin ƙaramin layin ya yi ta raguwa, har aka rufe shi a 1957 aka kwashe ƙarafansa.

Ƙera ƙaramin abu da kara ya girmi zuwan jirgi nesa ba kusa ba, domin yaran Hausawa sun daɗe suna hawan dokin kara, suna gina shanu da laka, 'yan mata kuma suna yin 'yar tsana. Abin da jirgi da mota suka kawo shi ne ƙafa mai juyawa, wadda ba ta da gurbi a sufurin ƙasar Hausa na dā, kuma ita ce ta tilasta wa mai ƙira ya koyi daidaito. Lokacin aikin shi ne bayan kaka, sa'ad da aka girbe dawa aka tara kara domin danni da makamashi, kuma maƙerin yakan nemi kara mai kauri wanda ya bushe sarai, ya feƙe ɓawonsa mai tauri da reza ko 'yar wuƙa, ya fitar da totuwa, wato farin cikin nan mai laushi da rashin nauyi. Totuwar ce katakonsa, ɓawon da ya tsaga siri-siri kuma shi ne ƙusarsa, domin da shi yake soke gunduwa biyu ya haɗa su ba tare da gam ko zare ba. Da haka ake jera gunduwoyi a yi ƙasan tarago, a ta da bango, a bar gurbin taga, a tsayar da guntun sille a matsayin bututun hayaƙi a bisa kan jirgi, wato injin da ke jan sauran. Ƙafafun akan yanko su ne daga sakaina, wato fasasshiyar ƙwarya, a goge gefensu a kan dutse har su yi da'ira, a huda tsakiya a zura tsinke. A nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo, domin hudar da ta kauce wa tsakiya ko kaɗan tana sa tarago ya riƙa ɗingishi, kuma tarago ɗaya mai ɗingishi ya isa ya kifar da duk jerin da aka ɗaura masa.

Wannan aiki ba shi da sarkin sana'a kamar ƙira ko dukanci ko rini, kuma ba a gadonsa daga uba, sai dai ƙane ya koya daga wa, ko yaro ya tsuguna kusa da wanda ya fi shi a ƙofar gida bayan an tashi daga makarantar allo. Manya ba su cika hana shi ba, kuma wani dalilin hakan shi ne cewa jirgi da mota ba masu rai ba ne, don haka surarsu ba ta shiga cikin abin da malamai suke ƙyama na sassaƙa siffar mutum ko dabba.

Abin lura shi ne kayan da suka gaji kara dogon ne da kansa ya kawo su. Gwangwanin madara da na kifi, waɗanda suka iso kantunan Sabon Gari a cikin taragu, sun zama taragun wasa, domin gwangwanin kifi mai tsawo da zurfi kaɗan ya yi kama da buɗaɗɗen taragon kaya tun kafin a taɓa shi, sai dai a huda gaba da baya a sarƙafa shi da ɗan'uwansa. Langa-langa, wato siririn ƙarfen da ake ɗaure dilar auduga da ta yadi da shi, ya wadata a garin da yake da injin gurzar auduga tun farkon mulkin Turawa, kuma yana lanƙwasuwa da hannu ya riƙe siffarsa. Daga baya waya ta zo, da marfin kwalba, da tsohon silifa da ake yanka ƙafafu daga jikinsa. Kowane sabon abu ya ƙara wa jirgin ƙarko, amma ya rage masa wani abu na kyau, domin jirgin totuwa fari ne fes, marar nauyi, mai nuna kowace gaɓa ta aikin hannu.

A Turai al'amarin ya bi wata hanya. A 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya nuna a kasuwar baje koli ta birnin Leipzig jiragen wasa masu dogo da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa bisa ƙayyadadden faɗi, ta yadda mai saye zai iya ƙara layi da tarago shekara bayan shekara. A Ingila an kafa kulob ɗin masu wannan sha'awa a Landan a 1910, shekara ɗaya kafin dogo ya isa Kano, sannan Frank Hornby na birnin Liverpool ya fara sayar da jiragensa masu wani irin na agogo a 1920. Ginshiƙin sana'ar shi ne ma'aunin ƙanƙantawa, wato sau nawa aka rage girman abu na gaskiya: a ma'aunin da ake kira HO ana rage komai sau 87, faɗin dogon ya zama milimita 16.5, a wanda ake kira N kuwa sau 160, faɗin ya zama milimita 9. Abin da masu sana'ar suke ginawa shi ne shimfiɗa, wato allon katako da aka kafa wa dogo da tasha da gada da tudu da gidaje, duka bisa ma'auni ɗaya, jirgin kuma yana samun wutar lantarki daga ƙarafan dogon. Da yake gidaje ƙanana ne kuma wuraren baje koli suna nesa, sai aka saba gina shimfiɗar a alluna biyu ko uku da ake ɗauka a mota, a haɗa su da ƙusoshi masu murɗi a zauren nuni, kuma wuri mafi wahala shi ne bakin allo, inda dole ƙarfen wannan ya haɗu da na wancan ba tare da kaucewar da ta kai kaurin farce ba.

Idan aka ajiye ƙirar biyu kusa da juna, bambancin da ya fi fitowa shi ne cewa jirgin kara ba shi da dogo. Igiya ake ɗaura masa a ja shi a cikin ƙura, ta lungu da kwana, yaron kuma yana yin kukan jirgin da bakinsa. Rashin kayan aiki yana cikin dalilai, domin ƙafar da za ta zauna a kan dogo tana bukatar leɓe a gefenta da daidaiton da sakaina ba za ta bayar ba, amma akwai dalilin da ya fi wannan zurfi. Baturen da ke gina shimfiɗa yana kwaikwayon aikin mai tafiyar da tasha ne, mai ba da hannu da sauya layi da kiyaye lokaci, aikin da a Zariya ta wancan zamani ya fi zama a hannun Turawa da ma'aikata 'yan Kudu mazauna Sabon Gari. Ɗan birni kuwa abin da ya sani shi ne wucewar jirgi: hayaƙi, da kuka, da jerin taragu, kuma abin da ya gani shi ya ƙera. Ba daidai ba ne a ɗauki jirgin kara a matsayin gurgun kwaikwayon na Turai, domin yawancin masu yinsa ba su taɓa ganin na Turai ba. Shaida ce mai zaman kanta ta yadda mutanen cikin ganuwa suka kalli abin da aka shimfiɗa a bayan garinsu.

Abin takaici shi ne wannan shaida ba ta daɗewa, domin totuwa abincin gara ce, damina ɗaya ta isa ta cinye aikin rani, kuma ba a saba ɗaukar wasan yara a matsayin abin adanawa ba. Da harkar jirgi ta ja baya daga shekarun 1980, taragu suka yi tsatsa a tasha, sai yara suka koma ƙera abin da idonsu yake gani, wato tirela da tankar mai da babur mai ƙafa uku, kayan roba na kanti kuma suka rage masu ƙirar gaba ɗaya. Shi ma ƙaramin layin Bauchi abin da ya rage nasa kaɗan ne, mafi shahara shi ne kan jirgi da taragun da aka ajiye a gidan tarihi na Jos, alhali Zariya, inda layin ya faro, ita ce mazaunin Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya tun 1986, da Jami'ar Ahmadu Bello mai sassan injiniya da zane-zane.

Layin nan da ya ɓace ya dace da shimfiɗa mai ɗaukuwa fiye da yawancin layukan duniya, domin jiragensa gajeru ne, kwanoninsa masu tsanani, tashoshinsa ƙanana. Faɗinsa na milimita 762, idan aka rage shi sau 87, yana komawa kusan milimita 9, wanda shi ne dogon da ake sayarwa a shirye, babban layin kuma mai milimita 1,067 yana komawa kusan 12, shi ma ana samunsa, ta yadda allo mai tsawon tabarma biyu zai ɗauki tashar Zariya ta 1920 da dogayenta biyu da rumfar sauke kuza. Ganuwa da soraye laka ce ta gina su tun asali, kuma laka za ta gina ƙananansu, rumfuna da danni da taragun kaya kuwa aikin totuwa ne, wanda har yau akwai dattawa a unguwannin da ke kewaye da Ƙofar Kibo da hannunsu bai manta da shi ba. Sabon layin Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 kuma zai bi ta Zariya, faɗinsa milimita 1,435 ne, kuma shi ne faɗi na uku da garin zai gani cikin shekaru ɗari da 'yan kai.