Ummulhairi: Nazarin Wani Sunan Mata a Agadas

A ranar suna a tsohon garin Agadas, bayan an raba goro da dabino, liman yakan raɗa Faɗimatu ko A'ishatu ko Hadizatu. Jefi-jefi ne ake jin ya ce Ummulhairi. Wannan maƙala tana ganin cewa ƙarancin sunan a kunne ya fi ƙarancinsa a zahiri, domin al'ada ce take ɓoye shi.

Kalmomin Larabci biyu aka haɗa: ummu, wato uwa, da alkhairi. Ta biyun ba baƙuwa ba ce, ita ce ta zama "alheri" a bakin Bahaushe. Ma'anar ke nan: uwar alheri, wadda alheri yake fitowa daga gare ta. A wurin Larabawa irin wannan suna alkunya ce ta girmamawa. Da ita aka san Salma bintu Sakhar, mahaifiyar Sayyidina Abubakar, da kuma Rabi'atul Adawiyya, waliyyiyar Basra wadda ta rasu wajen shekarar 801. Littattafan Ƙadirawa ma suna kiran mahaifiyar Shehu Abdulƙadir Jilani da Ummulhairi Faɗimatu.

Wannan na ƙarshe yana da nauyi a ƙasar Azbin, yankin da Agadas take, inda ɗariƙar Ƙadiriyya ta daɗe da kafuwa. Agadas zangon ayari ne kuma garin malamai: masallacinta mai doguwar hasumiyar ƙasa ya samo asali tun wajen 1515, kuma a nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo neman ilimi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ana iya ɗauka cewa sunan ya biyo hanyar da littattafai suka biyo.

To, me ya ɓoye shi? Na farko, tsawonsa. Uwa da za ta aiki ƴarta ɗebo ruwa ba ta tsayawa jan gaɓa huɗu; sai ta ce Ummu, ko Hairi. Na biyu, kunya: yarinyar da ta ci sunan kakarta, iyayenta ba sa kama sunan, sai su ce Ummi ko Mama har ta girma. Na uku, rubutun Faransanci a takardar haihuwa, inda kowane ma'aikaci yake rubuta abin da kunnensa ya ji, suna ɗaya ya fito da kamanni dabam-dabam.

Abin damuwa shi ne ma'anar tana cikin haɗin ne. Ummu kaɗai uwa ce, Hairi kaɗai alheri ne. Sai an gama su addu'ar iyaye take cika. Laƙabi ya ci gaba da aikinsa a tsakar gida, amma ya kamata makaranta da ofishin rajista su tsayar da rubutu ɗaya, kuma a gaya wa yarinya cikakken sunanta tun tana ƙarama, ta san fatan da aka raɗa mata a kunne.