Kantin Kwari: Daga Kantunan Kwarori Zuwa Dilolin Guangzhou

Fagge ta saba da baƙo tun kafin a san za a yi wata kasuwa wai ita Kantin Kwari. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15, nan ne zangon da ayarin Azbin ke sauke raƙuma a wajen ganuwa kafin a shiga da gishiri Kasuwar Kurmi. Abin da suke komawa da shi tufa ce, saƙi da turkuɗi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar tufar da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano tana kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus.

Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, kakar 1912 kuma gyaɗa ta zama kuɗi. Kamfanonin Turai irin su John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis da CFAO suka kafa kantuna kusa da tasha. Turawan mulki ba sa son cakuɗa: birni na Kanawa, Nasarawa tasu, Sabon Gari da aka yanka wajejen 1913 na ma'aikatan jirgi da akawuna daga Kudu. Sai ga wasu baƙin da ba su shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, mutanen Lebanon da Siriya, waɗanda Bahaushe ke kira Kwarori. Aka yanka musu filaye a Fagge ta Kudu, tsakanin birni da tasha. Suka gina kanti a gaba, wurin kwana a baya ko a sama. Daga baya 'yan Yaman suka biyo su. Shi ya sa wasu ke cewa daga Kwara sunan kasuwar ya fito, wasu kuma su ce wurin ne kwari, ruwa na gangarowa cikinsa. Duk wanda ya ga Kwari da damina ba zai yi saurin ƙaryata na biyun ba.

Bashi ne ya gina kasuwar. Kamfani ya shigo da akoko da alawayyo daga Mancesta, atamfa daga Holan, ya ba Kwara bashi. Kwara ya yanka wa Bahaushen da ya yarda da shi turmi goma ko ashirin, shi ma bashi. Wannan ya raba wa 'yan koli su zaga kasuwannin ƙauye. Kuɗin ba ya dawowa sai kaka, idan manomi ya kai gyaɗa sikeli. Ga shi sau da yawa Kwaran da ya ba da yadin shi ne mai sayen gyaɗar, don haka riba biyu yake ci a kan manomi ɗaya. Irin su Alhassan Ɗantata, da suka kai ga hulɗa da kamfani kai tsaye, ba su da yawa. Galibin Kanawa a bakin kanti suka koyi sana'ar, suna dillanci, suna auna yadi, suna lura.

Lurar ta yi rana a 1972, lokacin da gwamnatin Gowon ta fitar da dokar mayar da wasu sana'o'i hannun 'yan ƙasa, ciki har da cinikin ɗai-ɗai, aka kuma ƙara faɗaɗa ta a 1977. Kwarori da dama suka saki kanti suka koma masana'antu a Bompai da Sharaɗa. Yaran kanti na jiya, da 'yan kasuwar da suka taso daga Kurmi da Sabon Gari, suka karɓi mukullai. Kuɗin mai ya shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji, lefe ya yi nauyi. Gidajen Kwarori aka riƙa farfasa su ana fitar da shaguna, ɗakin kwana ya zama sito, kuma har yau da sunan gida ake kwatance a Kwari. Wanda bai samu shago ba ya kafa tebur a bakin layi, aka samu 'yan tebura.

Wannan ne kaɗai zamanin da Kwari ta dogara sosai da kayan gida. Kaduna na da masaƙar KTL tun 1957. A Kano Alhaji Isyaka Rabi'u ya kafa masaƙar Bagauda, Alhaji Nababa Badamasi ya kafa ta Gaskiya, dukansu 'yan kasuwar da suka san yadi tun daga kanti. Abin da ake yawan mantawa shi ne babbar cikinsu, UNTL ta Kaduna, ɗan Sin ne daga Hong Kong, Cha Chi Ming, ya kafa ta a 1964. Wato ɗan Caina na farko da ya shigo harkar tufarmu da injin saƙa ya zo, ba da dila ba. Audugar Funtuwa da Gusau ta shiga inji, atamfar ta fito Kwari, 'yan sari daga Nijar da Cadi da Kamaru suka kwasa.

Daga 1986, da tsarin SAP na Babangida, Naira ta fara zubewa. Kayan gyaran inji suka yi tsada, lantarki ya ƙi tsayawa, baƙin mai ya zama na rububi. A shekarun ne Wapa, wadda ta samo sunanta daga tsohon gidan silima, ta bunƙasa ta zama matattarar 'yan canji, taku kaɗan daga Kwari. Gwamnati takan hana shigo da tufa, ta ɗage, ta sake hanawa, amma dila ba ta taɓa daina zuwa ba: ta sauka Kwatano, ta haura Nijar, 'yan fito su tsallako da ita ta wajen Jibiya.

Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Disambar 2001, shekara guda bayan taron farko na dandalin haɗin gwiwarta da Afirka a Beijin. Sai dai 'yan Kwari ba su jira wata yarjejeniya ba. Sun fara da Dubai, can suka gane inda kayan ke fitowa, suka wuce Guangzhou da ƙyallen atamfar Holan a jaka, suka ce a buga musu irinta. Aka buga, a farashin da matar ƙauye za ta iya ɗinka sabuwa da sallah. Wannan alheri ne na gaske, kuma masu zagin kayan Caina ba su cika faɗarsa ba. Amma wanda ka nuna wa hanyar gidanku, wata rana ba zai jira rakiya ba. Masu masaƙun Sin suka biyo abokan cinikinsu har Kano, suka kama sito, suka fara ba da kaya bashi, kamar dai yadda Kwara ya yi shekara tamanin baya. A 2007 UNTL ta rufe.

Rigima ta biyo baya. A Mayun 2012 jami'an shige da fice suka kama 'yan Sin da dama a kasuwar bisa zargin cinikin da takardunsu ba su ba su dama ba. A 2013 Sanusi Lamiɗo Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya rubuta a jaridar Financial Times cewa ɗaukar ɗanyen kaya a dawo mana da sarrafaffe shi ne ainihin tsarin mulkin mallaka. A 2015 marina suka yi tattaki zuwa fadarsa, yana Sarki, suna kukan ana buga kwaikwayon rininsu a Sin. A 2019 kuma fadar ta naɗa Mike Zhang Wakilin 'Yan Caina. Ni dai ban ga saɓani a nan ba. Kano ba ta korar baƙon kasuwa, sarki take yi masa don a san wanda za a kama idan an yi ɓarna.

A Afrilun 2018 Babban Bankin Nijeriya da na Sin suka ƙulla musayar kuɗi ta yuwan biliyan 15, don mai sari ya biya ba sai ya bi ta dala ba. A Janairun 2025 Nijeriya ta zama abokiyar hulɗar BRICS, ƙungiyar da Burazil da Rasha da Indiya da Sin da Afirka ta Kudu ke gaba a cikinta. A takarda duk wannan na ɗan Kwari ne. A kasuwa kuwa, har yau abin da aka wayi gari ana sayar da dala a Wapa shi ke yanka kuɗin turmi da bandir. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya fi taɓa aljihunsa fiye da kowane taron ƙoli, haka ma ambaliyar Agustan 2022 da ta jiƙa diloli a shagunan ƙasa, wadda 'yan kasuwa suka ɗora alhakinta a kan gine-ginen da aka dasa bisa layuka da magudanan ruwa.

A Janairun 2023 aka buɗe tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, don kwantena ta iso Kano ba tare da an kwance ta a Legas ba. Kayan da Kano ke lodawa zuwa bakin teku yanzu riɗi ne da zoɓo da citta da fata. Tufa ba ta cikinsu.