Daga Gajeren Zango zuwa Sandar USB: Tarihin Wata Matsala a Abidjan

A asalin Hausa, zango wuri ne da fatake ke yada kaya su huta. Daga nan kalmar ta zama sunan unguwar baƙi a garuruwan kurmi, sannan ma'aikatan rediyo suka are ta suka ce "gajeren zango" da "matsakaicin zango". Ma'anonin nan sun haɗu a tarihin Hausawan Abidjan.

Tun kafin mulkin mallaka fataken goro ke bin hanyar Salaga da Bondoukou. Amma Abidjan ba ta ja jama'a sosai ba sai bayan da aka buɗe mashigin Vridi a 1950 da tashar jiragen ruwa a 1951. Turawan Faransa sun riƙe unguwar Plateau, suka bar wa baƙar fata Treichville daga kudu da Adjamé daga arewa. A waɗannan unguwanni biyu 'yan kasuwa daga Nijar da Arewacin Nijeriya suka sami matsuguni.

Labarin gida kuwa ta gajeren zango yake iske su. BBC ta fara shirin Hausa ranar 13 ga Maris 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyon Faransa a 2007. Igiyar gajeren zango takan hau sama ta bugi wani rufi na sararin samaniya ta dawo ƙasa da nisan dubban kilomita. Shi ya sa tashar da BBC ta kafa a tsibirin Ascension a 1966 ke kai murya ga Treichville da Kano a lokaci guda. Mai shago ba ya bukatar komai sai batir da sanin mita 16 ko 19 ko 25.

A farkon shekarun 1990 injiniyan Amurka Joseph Mitola ya yaɗa tunanin rediyon da manhaja ke sarrafawa: na'ura ta mai da igiyar iska lambobi, kwamfuta ta yi sauran aikin tacewa. Kayan sun daɗe da tsada. A 2010 Eric Fry ya gano cewa ƙwayar RTL2832U, wadda kamfanin Realtek na Taiwan ya ƙera don kallon talabijin ta kafar USB, tana iya fitar da lambobin nan ɗanye. A 2012 Antti Palosaari na Finlan da masu aikin Osmocom suka mai da wannan sanda mai arha rediyo, aka san ta da RTL-SDR.

Wannan asali shi ne tushen matsalar farko da ɗan koyo ke cin karo da ita. Sandar talabijin ce, don haka kwamfuta da kanta take ɗora mata direban talabijin, sai manhajar rediyo irin su SDR# ko Gqrx ta ce ba ta ga na'ura ba. A Windows ana amfani da Zadig a sauya direban zuwa WinUSB, a zaɓi kafa mai lamba 0. Wajibi ne a duba sunan da kyau, domin wanda ya zaɓi wata na'ura bisa kuskure yana iya kashe linzaminsa ko allon rubutunsa. A Linux kuwa ana hana dvb_usb_rtl28xxu tashi, a sake kunna kwamfuta, a gwada da rtl_test. Haka kuma ba kowace sandar talabijin ce ke da wannan ƙwaya ba. Kodebuwa na watsa talabijin na dijital da tsarin DVB-T2, alhali RTL2832U ita kaɗai tsohon DVB-T ta sani. Mai saye a kasuwar kayan lantarki ta Adjamé, ƙwayar ya kamata ya tambaya, ba hoton kwali ba.

Matsala ta biyu ta fi shafar mai neman shirin Hausa. Matacin zango na R820T, wanda ke cikin yawancin sandunan, yana farawa ne daga wajen megahaz 24. Mita 25 tana kusa da megahaz 12, mita 19 kusa da 15, mita 16 kusa da 17. Duk suna ƙasa da iyakar. Ɗan koyo zai kama FM tar, ya nemi gajeren zango ya ji shiru, ya ɗauka na'urar ce ta lalace. Mafita uku ce: a haɗa ƙarin na'ura mai ɗaga zango, ko a nemi samfurin V3 mai tsallake matacin, ko V4 na 2023 mai ɗauke da maɗagin a cikinsa. V4 ba ya aiki daidai sai da sabon direba.

Ta uku ita ce hayaniya. Cajojin waya da fitilun LED, waɗanda suka cika shagunan Adjamé, suna zubar da ƙara a kan gajeren zango. Ana nisanta sandar daga kwamfuta da doguwar wayar USB, a miƙa eriya ta mita da yawa a waje, a rage ƙarfin karɓa idan tashoshin FM na birni suka danne komai.

Gajeren zango na ja da baya: Muryar Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a 2015, masu sauraro da yawa sun koma waya. Duk da haka murya ta iska ba ta bukatar data, kuma katse intanet ba ya tsayar da ita. Wanda ya san cewa sandarsa haifaffiyar talabijin ce, ya san inda zai fara neman gyara.