Masu Jinyar Tsohon Babur a Kaduna

Kafin kuɗin Udoji, babur ba abin hawan kowa ba ne a Kaduna. Ma'aikaci keke yake hawa, Raleigh in yana da hali. Baburan da ke ratsa Ahmadu Bello Way galibi na soja ne da 'yan sanda da masinjojin ofis, kuma ƙirar Ingila ne: BSA, Triumph, Matchless. Ban riski zamaninsu da sifana a hannu ba, amma maigidana da ya koya mini aiki a Tudun Wada a kansu ya ƙware, a gareji na barikin soja. Yakan ce suna da nauyi, suna ɗigar da baƙin mai duk inda aka kafe su, sai dai babu wani ƙarfe a jikinsu da ba a ƙera shi don a kwance, a gyara, a mayar ba. A kan wannan tarbiyya ya ɗora mu, Allah Ya jiƙansa.

Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, aka biya ma'aikata ƙarin albashi da ariyas a farkon 1975, shekarar da Peugeot ta fara harhaɗa motoci a Kakuri. Kuɗi suka shigo hannun malaman makaranta, da akawuna, da ma'aikatan reluwe da na masaƙu, ga kuma bashin abin hawa da ma'aikatu ke bayarwa. Cikin ɗan lokaci garin ya cika da Vespa, da Suzuki da Yamaha masu cin fetur gauraye da baƙin mai, masu hayaƙi shuɗi. Wanda kuwa ke da tafiya mai nisa a gabansa, Honda mai silinda biyu yake nema: Benly CD175, daga baya CD185, sannan CD200, waɗanda jama'a suka haɗa su duka suka riƙa kira Road Master.

Wanda bai san Kaduna ba zai yi mamakin yadda wannan babur ya samu karɓuwa a nan. Kaduna garin ma'aikata ne tun da Turawa suka dawo da hedikwata daga Zungeru a 1917, kusan kowa yana da garinsu. Na Zariya yana da kilomita tamanin a gabansa, na Kano fiye da ɗari biyu, ga na Funtuwa, da na Katsina, da na Kafanchan, da na Birnin Gwari. Ran Juma'a da la'asar ka tsaya a Kawo, sai ka ga ayarinsu suna fita, an ɗaure jaka da kwalin sabulu a kariya, a lokacin ba a ma tagwaita hanyar Zariya ba. Malamin gona da sufeton makarantu su kuma kullum suna kan hanyar ƙauye, rani da damina. Saboda haka baburan da suka riƙa zuwa hannunmu sun ci hanya ƙwarai. Mitar wasunsu ta zagaye ta koma sifili, ta wasu kuma wayarta ta tsinke tun shekaru, mai shi ma bai san iyakar tafiyar da ya yi ba.

Ana saura kwana biyu Sallah, ba ma ganin abinci sai dare. Maigida ba ya barin a taɓa kafireta sai an gama da abin da ya fi ta muhimmanci. Da farko a juye baƙin mai yana da ɗumi, ya sa yatsa biyu ya murza, ya ɗaga wa rana. In ya ga ƙyalli kamar garin ƙarfe, sai ya ce wa mai babur, "Malam, wannan ba zai kai ka Katsina ba, ka hau mota." Wasu su ji haushi, amma ba ya janye maganar. Daga nan a jira inji ya huce sarai kafin a saita bawul, da siririn ƙarfen awo, ba da ido ba. A duba kontak, a goge bakinsa, a bar masa tazarar 0.3 zuwa 0.4 na milimita. A buɗe gidan cen, domin Road Master a rufe take zuwa da sarƙarta, kuma wannan murfin ne ke sa ta daɗe a ƙasa mai ƙura irin tamu. A bi wayoyin gargare ɗaya bayan ɗaya ana ƙwanƙwasawa, wadda ta yi sanyin ƙara a ɗaure ta. Ƙarshe sai ya tayar da injin, ya kafa bakin sukudireba a jikin silinda, ya manna ƙotar a kunnensa, ya yi mana hannu mu yi shiru. Ta haka yake raba kukan bawul da na taimin cen da na boris, kuma ta haka muka koya.

Sai ga CG125, wadda Honda ta fitar a 1975. Mu a lokacin mun ɗauke ta ƙanwar Road Master kawai. Daga baya muka fahimci cewa da gangan aka ƙera ta don irin ƙasashenmu: injiniyoyin kamfanin sun zagaya kudu maso gabashin Asiya, suka ga ana loda wa babur mutum huɗu, ba a canza baƙin mai sai ya zama kwalta, ba a damu da matatar iska ba. Sai suka sauko da kamshaf ƙasa kusa da mai, suka sa sanduna su riƙa tura bawul, suka yi matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wannan ya tabbatar mini da abin da na gani da idona a tsawon aikina, cewa nisa ba ya kashe babur. Abin da ke kashe shi tsohon mai ne da ƙurar hunturu. Injin da ba ya ɗaukar mai fiye da lita ɗaya ko ɗaya da rabi, iska ce kaɗai ke sanyaya shi, in aka bar man ya ƙone, saman injin ne yake fara cinyewa. In kuma soson iska ya yage aka ce a bari sai wata ya yi, ƙurar Disamba da Janairu ta wuce kai tsaye ta riƙa goge ringi da silinda. Kamfanin Honda ya kafa masana'anta a Ota a 1979, Yamaco na harhaɗa Yamaha, Boulos na harhaɗa Suzuki a Legas, kayan gyara na asali suna nan a kanti. Wanda ya kula da mai da soson iska sai ya shekara goma ba a sauke masa inji ba.

Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tattalin arziki na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sabon babur ya fi ƙarfin ma'aikaci, sabon kaya ma haka. Wahala ce ga jama'a, amma a ganina a shekarun nan ne sana'armu ta kai ƙololuwa, don babu abin da ake yarwa. Tsohuwar kasuwar Panteka, nan kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ita ce ta riƙe mu. In silinda ta ci, ka kai wa masu borin, su faɗaɗa ta da 0.25, a sa fistin daidai da ita. In ta sake ci bayan shekaru, a koma 0.50, sai 0.75, sai 1.00. In an ƙure, a dasa mata sabon hannun riga na ƙarfe a koma farko. Babur ɗaya sai ya rayu sau biyar ta wannan hanya. Masu tanin suna fere mana bushin daga guntun tagulla, masu naɗi suna sake naɗa kwayil da ta ƙone, ana buga wa takalmin birki sabon shafi da ƙusa. Gasket kuwa da hannu muke yanka shi: ka shimfiɗa takardar a fuskar ƙarfen, ka bi gefe da ƙaramar guduma kana ɗan bubbugawa har ta fito da siffarta da ramukanta. Wasa bawul da man niƙa, kana murza sanda tsakanin tafuka har hannu ya yi zafi, aikin yaron shago ne na wuni guda, kuma ba a yarda ya gama ba sai an zuba kananzir an ga bai tsiyaye ba.

A wannan zamani ne kuma manyan babura na gwanjo suka fara shigowa ta Kwatano, irin su CB750 mai silinda huɗu da Gold Wing da BMW. Ga kuma Turawa masu ratsa Sahara ta Tamanrasset da Agadas da Damagaram su sauka Kano, wasunsu kan biyo ta Kaduna in Legas suka nufa, har zuwa farkon shekarun 1990 da rikicin arewacin Nijar da na Aljeriya ya toshe hanyar. Ba mu da littafinsu, ba mu da kayansu. Kafireta huɗu muke daidaitawa da kunne da tafin hannu a bakin salansa. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, duk girmansu, ciwonsu irin na Road Master ne: mai, iska, sarƙa, boris, da wayar wuta da ta goge a ƙarƙashin tanki.

Daga nan acaba ta zama sana'a. Rikicin watan Fabrairun 2000 ya raba garin, da yawa daga cikin masu sayar mana da kaya, waɗanda muka yi shekaru muna karɓar bashi a hannunsu ba takarda, suka tattara suka haye kogin Kaduna ko suka koma gida. Mun yi asarar abokan arziki, mun kuma yi asarar ƙwaƙwalwa, don akwai wanda in ka nuna masa guntun ƙarfe zai gaya maka na wane babur ne, kuma na wane zai iya maye gurbinsa. Kusan a lokaci guda baburan Sin suka cika kasuwa ta hannun 'yan kasuwar Nnewi, Jincheng da ire-irenta da roba-roba, bayansu Boxer ta Bajaj daga Indiya, wadda 'yan acaba suka runguma.

A nan ne aikin ya juya daga gyara zuwa canji. Ba na ganin laifin yaran da suka taso a lokacin. Ɗan acaba yana da balas da zai kai wa mai babur da yamma, ba zai jira kwana uku a dawo da silinda daga Panteka ba, alhali ga sabuwa da fistin da ringinta a kwali, a kuɗin da bai kai na borin ba. Yaro ya yi wata shida a shago, ya iya kwancewa da ɗaurawa, ya sayi sifana huɗu ya kafa rumfa a Mando ko Rigasa, kuma yana cin abinci. Abin da ke damuna shi ne awo ya ɓace. Ana saita bawul inji na da zafi, ana ɗaure noti har ya cinye zare, ana cire soson iska gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. Ga jabun baƙin mai da ake ɗurawa a tsohuwar roba a liƙe baki, wanda ya kashe injuna fiye da duk ramukan hanya. Irin wannan hannu in ya faɗa wa tsohuwar Honda, abin da ta jure shekara talatin sai ya lalace a mako guda, kuma nata kayan ba a kwali suke ba.

Dokoki ma sun yi tasu rawar. An hana acaba a tsakiyar Abuja a 2006, a Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, 'yan acaban duk suka kwararo mana nan. A 2014 Gwamna Mukhtar Ramalan Yero ya sa hannu a kan dokar hana ta a cikin Kaduna, makanikai da yawa suka koma gyaran Keke Napep. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta hana hawan babur baki ɗaya na wata uku saboda 'yan bindiga, har da na masu zaman kansu. Dattawa da yawa a lokacin suka jingine nasu a zaure, ba su sake tayarwa ba. Zama kuwa ya fi tafiya yi wa babur illa: fetur ya ruɓe ya toshe jet, tanki ya yi tsatsa daga ciki, ringi ya manne, taya ta tsattsage ko da zanenta bai goge ba.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sai ga tsofaffin baburan suna fitowa. Mai mota ya ajiye mota, ya tuna da abin da ke zaure. Kwanan baya wani matashi daga Unguwar Kanawa ya turo CD185 ta mahaifinsa har bakin shagona, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, an ce in ba ku ba, babu mai taɓa ta." Na ce masa, "Ɗana, kada ka sake taka kik ɗin nan." Na cire fulogi biyun, na ɗiga mai a kowane rami, muka bar ta ta kwana biyu kafin na juya injin da hannu a hankali. Muka wanke tanki da tsakuwa da kananzir, muka dafa kafireta, muka wanke rariyar mai. Da ta tashi, silinda ɗaya na hayaƙi. Da na auna sai na tarar tana kan 0.50, wato da sauran rai biyu a gaba. Samun fistin ya ɗauke mu makonni, ta waya, daga Kano zuwa Nnewi. Samun wanda zai yi borin ɗin yadda nake so ya fi wuya, domin cikin waɗanda na sani a Panteka saura ƙalilan, idanunsu kuma sun fara rauni.

Lokacin da Farfesa Idris Bugaje yake shugabancin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ya jawo masu sana'ar Panteka a jiki don a gwada ƙwarewarsu a ba su takardar shaida, ya kuma ci gaba da wannan ƙoƙari da ya koma hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna. Na yi murna da hakan matuƙa. Roƙona shi ne a faɗaɗa shi ya game masu babur na unguwanni, daga Kawo zuwa Badarawa zuwa Tudun Wada, a zaunar da tsofaffin masu borin da tanin da naɗin kwayil a gaban yara, a biya su ladan koyarwa, a kuma sa wa kowane yaro sharaɗin ya iya karanta ƙarfen awo kafin a yaye shi. A shagona na riga na sa wannan sharaɗi, kuma yara biyu daga cikin masu koyo yanzu su ke kai silinda Panteka da kansu, su tsaya a kan injin har a gama.