Na'urar da ba ta cewa "Na'am?"

A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT a Amurka ya wallafa bayanin manhajarsa ELIZA. Aikinta bai wuce ta tsinci kalma a maganar mutum ta mayar masa da ita tambaya ba. Ba ta gane komai, amma sakatariyarsa, wadda aka gina manhajar a kan idonta, ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don su zanta a keɓe. Tun daga lokacin ake auna irin waɗannan manhajoji da daɗin baki. A ganina ba a nan gizo ke saƙar ba.

Masu nazarin hira sun daɗe da nuna cewa zance yana tafiya ne da gyara. Schegloff da Jefferson da Sacks sun fayyace tsarin wannan gyara a 1977. A 2015 Mark Dingemanse da abokan aikinsa suka bi hirarraki cikin harsuna 12, suka tarar kusan kowane minti ɗaya da rabi sai mai sauraro ya tsayar da mai magana don neman bayani.

Dubi yadda abin yake a tsakar gida. Uwa ta miƙa wa ɗanta kwano, ta ce, "Kai wa Audu." Idan bai ji ba sam, zai ce, "Na'am?" Idan ya ji, amma Audu uku ne a unguwar, zai ce, "Wane Audu, Inna?" Idan kuwa yana da zato, sai ya ce, "Na gidan liman?" ita kuma "I" kawai za ta ce. Binciken Dingemanse ya nuna mutane kan zaɓi tambayar da ta fi taƙaita wa mai magana wahala. Wato yaron ya san daidai inda saninsa ya tsaya, ya kuma yi lissafin abin da uwarsa ke zaton ya sani. Wannan shi ne tunanin da ya kamata a koya wa na'ura, kuma ya fi jera jimloli wuya nesa ba kusa ba.

Abin mamaki, manhajar SHRDLU ta Terry Winograd, wajen 1970, tana yin hakan. In aka ce ta ɗauki tubali mai siffar dala alhali akwai fiye da ɗaya, sai ta ce ba ta gane wacce ake nufi ba. Ta iya ne don duniyarta 'yan tubala ne da ake iya ƙirgawa. Manhajojin da suka bazu tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 sun koyi harshe galibi daga rubutu, shi kuwa rubutu an riga an share masa "na'am" da "me ka ce". Sannan masu tantance amsoshinsu sukan fifita cikakkiyar amsa mai gaba gaɗi a kan tambaya. Saboda haka suka saba da cinka.

Za a ce yawan tambaya yana gundurar mai amfani, kuma haka ne. Abokin hirar da ke katse ka a kowace gaɓa ba ya daɗi. Amma yaron can bai tambayi wane kwano ba, tunda yana hannunsa. Abin da nake nema ga masu ƙera manhajojin nan shi ne su auna ko na'ura na bambance giɓin da za ta iya cikewa da wanda cike shi ganganci ne. Uwar da ta rubuta da tsakar dare tana tambayar cokali nawa na maganin zazzaɓi za ta ba ɗanta, ba ta faɗi shekarunsa ko nauyinsa ba, bai kamata ta sami adadi ba kafin a tambaye ta.